Yadda aka yi wa akwatin motata waldar argon a Panteka

Sana'ata haɗa famfon sola a rijiyoyin burtsatse, kuma yawancin aikin a ƙauyuka yake: yankin Soba, Ikara, Kauru, Lere, wani lokaci har cikin Kachiya. Motar da nake aiki da ita tsohuwar Hilux ce, a-kori-kura, kuma tun da na saye ta akwai akwatin kayan aiki ɗaure a bayanta, daf da gidan direba. Irin akwatin nan ne mai kafaɗu biyu da ke hawa gefen bodi, cikinsa kuma yana rataye a tsakiya bai taɓa ƙasa ba. Na alminiyam ne mai tudu-tudu a jiki, irin fallen da ake shimfiɗawa a matakalar manyan motoci don hana santsi, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. A ciki nake zuba sifanoni, mita, wayoyi, jak, sarƙar ɗaga famfo da galan ɗin baƙin mai.

Bayan wani ruwan sama na buɗe na tarar da laima a ciki. Da na bi sawu, sai ga tsaga a lungun da kafaɗar dama ta haɗu da jikin akwatin, tsawonta ya kai taƙi guda, siririya ƙwarai, in ba ka kawo ido kusa ba sai ka ɗauka ƙarzane ne.

Na fara kai wa mai waldar unguwarmu, wanda shi ke yi mini ƙafafun da muke ɗora farantan sola a kai. Ya shafa wurin da yatsa, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai.

"Injiniya, wannan ba hurumina ba ne. In na ɗora masa wutata, rami zan buɗe maka. Ka nemi masu argon."

Masu argon su ne masu walda da injin da ke fesa gas ɗin argon a bakin aiki. Na ji daɗin wannan gaskiya tasa, don wani da sai ya karɓi kuɗin ya gwada sa'a a kan kayan mutane. Ya ce akwai ilektirod na alminiyam a kasuwa, amma a falle marar kauri irin wannan kafin ka ce kwabo ya ɓula, ga kuma dattin da yake bari wanda in ba a wanke shi tas ba zai riƙa cin wurin a hankali.

Wani mai gyaran AC ɗin mota ya ce in kawo ya liƙe mini da sandar nan da suke toshe hudar bututu da ita, da wutar gas. Sandar tana da amfaninta, na sha ganin ta ceci kondensa. Sai dai tana narkewa ne a zafin da bai kai na alminiyam ba, wajen digiri 400, saboda haka kwanciya take yi a saman ƙarfen, ba ta zama jiki ɗaya da shi. Hudar da ba ta ɗauke da nauyi za ta riƙe. Lungun da ke ɗauke da rabin nauyin akwati yana jijjiga dare da rana kuwa, ban ga alama ba. Wani kuma ya ce in jefar da shi a ƙera mini na baƙin ƙarfe. Na auna wannan ma: baƙin ƙarfe ya kusan ninka alminiyam sau uku a nauyi, ga tsatsa, ni kuwa kullum cikin ruwa da taɓo nake. Akwatin nan lafiyarsa lau in ban da wannan lungu, ban ga dalilin rabuwa da shi ba.

Sai na nufi Tsohuwar Panteka, nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Wanda bai taɓa shiga ba, wuri ne da za ka ga ana narka tsofaffin gwangwanaye da ɓaraguzan injin mota ana zuba tukwane, ga masu ƙera injin niƙa, ga kafintoci, ga ƙarar guduma ta ko'ina. A can na koyi abin da zan so duk mai irin matsalata ya sani tun daga gida: ba kowane mai argon ke waldar alminiyam ba. Da yawansu aikin sitenles suke yi, ƙarafunan bene da ƙofofi, kuma injinsu wutar DC kaɗai yake bayarwa, wato wutar lantarki mai bin hanya ɗaya. Alminiyam kuwa wutar AC yake so, wato mai kai da komo. Don haka tambayar da za ka yi ita ce, "Injinka yana da AC?" Mutum biyu suka ce mini a'a, na biyun ya haɗa ni da yaronsa ya raka ni shagon wani dattijo da ke can ciki, wanda ya ce duk layin in alminiyam ya gagara wurinsa ake kaiwa.

Muka gaisa, na yi masa sannu da aiki, na ce, "Baba, akwati na kawo, bari in sa yara su kwance shi."

"Kada a taɓa shi tukuna, ɗana. Mu je in gan shi a inda yake zaune."

Ya bi ni har bakin titi inda na ajiye motar. Bai fara duba tsagar ba ma. Ya leƙa ƙarƙashin kafaɗun, ya taɓa notunan, sannan ya sa yaransa biyu suka hau bayan motar suna girgiza ta, shi kuma ya ɗora tafin hannu a kan lungun. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Na ji bakin tsagar yana buɗewa yana rufewa a ƙarƙashin fatata. Ya nuna mini cewa wanda ya ɗaure akwatin tun farko ya huda kafaɗun ya zarga notunan ƙarfe huɗu ya tamke su tam a jikin bodi, babu ko ƙyallen roba a tsakani. Bodin a-kori-kura kuwa murɗawa yake yi duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami, an yi shi ne don ya murɗa. Akwatin da aka tamke a gefe biyu dole ya bi shi, kuma duk murɗawar a lungun nan take tarewa. Ya ce, "In na liƙe maka yau ka mayar da shi haka, kafin kaka za ka dawo, kuma za ka ce aikina ne bai yi ba."

Daga baya na fahimci dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a alminiyam. Baƙin ƙarfe yana da wani mizani wanda in lanƙwasawar ba ta kai shi ba, zai iya jurewa kusan har abada. Alminiyam ba shi da wannan. Kowace 'yar lanƙwasa tana rage masa kwana, komai ƙanƙantarta, har ranar da zai buɗe. Ya kuma nuna mini wani farin gari da ya taru a kewayen notunan. Wannan cin da ke faruwa ne idan alminiyam da baƙin ƙarfe suka haɗa jiki ga kuma danshi, alminiyam ɗin ne ke lalacewa.

Aka sauke akwatin aka juye kayan ciki. Ko da walda a jikin mota za a yi, ya ce, sai an cire kan batir, to balle ga tankin mai a ƙasa. Sauke shi ya fi kwanciyar hankali. Yara suka wanke shi da omo da ruwa ciki da waje, aka kifa shi a rana.

Daga nan aka shiga abin da ya cinye mafi yawan yinin, wato shiri. Da farko ya jiƙa alli ya shafa a bayan lungun, ya bari ya bushe ya yi fari fat, sannan ya ɗiga kananzir ta ciki. Ba a jima ba sai ga layi ya fito a jikin allin, kuma ya zarce inda idona ya tsaya da kusan yatsa biyu, har ya yi ɗan reshe ya nufi ƙasa. Da a inda muke gani aka tsaya da walda, da an bar kan tsagar a raye. Ya ɗauki injin huda da baki mai milimita 3 ya huda rami kaɗan gaba da kowane ƙarshe, har da na reshen. Tsaga tana ci gaba ne saboda bakinta tsini ne, duk ƙarfin yana taruwa a ɗigo ɗaya. In ta faɗa rami mai zagaye sai ƙarfin ya watsu, ta tsaya.

Sannan ya bi layin ya rarake shi ya yi masa 'yar kwata marar zurfi, yadda narkakken ƙarfe zai shiga har ƙasa. Wani yaro ya miƙo masa injin guga da faifan da aka gama gugar baƙin ƙarfe da shi, ya mayar masa. Irin wannan faifai yana cusa ɓurɓushin ƙarfe cikin alminiyam, kuma alminiyam mai laushi ne, yana toshe idon faifan. Yana da wani ɗan baki mai haƙora na musamman da kuma zarto, waɗanda ba sa taɓa komai sai alminiyam. Haka ma burushinsa na wayar sitenles, a cikin leda yake ajiye shi a aljihun tebur, ya ce ko ɗansa bai yarda ya ɗauka ba. Ya goge wurin da asiton, wani ruwan sinadari mai cire maiƙo, a farin ƙyalle, yana sakewa har ƙyallen ya daina baƙi, bayan nan ne ya sa burushi. In ka fara da burushi, in ji shi, maiƙon kake turawa ciki.

Na tambaye shi me ya sa duk wannan wahala, alhali mai waldar baƙin ƙarfe ko a kan tsatsa da fenti sai ya ɗora wuta. Ya ce, "Alminiyam riga gare shi." Abin da yake nufi shi ne, da zarar alminiyam ya sha iska sai wata fata siririya da ido ba ya gani ta rufe shi, kuma ita ce ke hana shi tsatsa. Shi alminiyam yana narkewa a digiri 660, fatar kuwa sai an haura digiri 2,000. To in ka ɗora wuta, na ciki ya zama ruwa, fatar tana nan a sama, kamar yadda kunu ke yin fata in ya fara hucewa alhali ƙasansa na nan da ruwa-ruwa. Kana jiran ka ga ya narke, sai kawai wurin ya rufta. Ga shi kuma ba ya yin ja in ya yi zafi yadda baƙin ƙarfe ke yi, babu wani gargaɗi da zai ba ka. Amfanin AC ke nan: wutar tana kai da komo, a zuwa ɗaya tana farfasa fatar, a ɗaya zuwan tana zuba zafi cikin ƙarfen. Gas ɗin argon kuma, wanda ba ya haɗuwa da komai kuma ya fi iska nauyi, yana lulluɓe wurin don kada sabuwar fata ta fito kafin a gama. A masana'antar jiragen sama ta Amurka aka ɓullo da wannan hanya a farkon shekarun 1940, da gas ɗin hiliyam ma aka fara, ga shi yau tana aiki a lungun Panteka.

Wajen zaɓen sandar ciko ma mun ɗan tsaya. Yana da iri biyu, mai lamba 4043 da mai lamba 5356. Ta farkon tana da silikon kusan kashi 5 cikin 100, tana gudu sumul kuma ba ta cika tsagewa in tana hucewa ba. Ta biyun magniziyam ne a cikinta kusan kashi 5, ta fi ƙarfi amma ta fi taurin kai a hannu. Akwatina babu wata lamba a jikinsa da za ta nuna irin haɗinsa, amma ya ce irin wannan falle yawanci 3003 ne ko 5052, kuma 4043 tana tafiya da dukansu, don haka ita ya ɗauka. Na ce na ga wasu suna warware tsohuwar wayar wutar lantarki suna ciko da ita. Ya ce, "Araha ba ta ado. Waccan zallar alminiyam ce, laushi gare ta, ga datti. A tukunya sai ta yi, ban da wurin da zai ɗauki kaya."

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, sai da aka tayar da babban janareto. Ya sa aka kashe fankar shagon, aka jingina fallen kwano ta ɓangaren da iska ke shigowa, domin ko 'yar iska kaɗan tana kore argon daga bakin aiki. Ya ɗaure wani guntun jan ƙarfe a bayan tsagar da matsi, don ya tare narkakken alminiyam kada ya zube ya kuma janye zafi. Ya saita injin wajen amfiya 90, gas kuma lita 8 a minti, ya gwada a wani guntun falle, ya ɗan rage. Ya miƙo mini hular walda ta biyu ya ce in tsaya ta bayan kafaɗarsa.

Ban taɓa kallon waldar argon ta cikin gilashi ba sai ranar. Babu tartsatsi, babu hayaƙi mai yawa, sai wata ƙara mai kaifi da ba ta yankewa. Tsinken ƙarfen tungsten da ke bakin tocin walda, wato abin da yake riƙe da shi a hannu, ba ya narkewa, ba ya kuma taɓa aikin, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi milimita 2 ko 3 ba. Na ga wurin ya yi fari-fari, sannan tsakiyarsa ya buɗe ya zama ɗan tafki mai sheƙi. A daidai lokacin ya tsoma bakin sandar da hannun hagu, ya janye, ya matsa gaba kaɗan, ya sake tsomawa. Ya fara ɗiga ɗauri a wurare uku don kada bakin tsagar ya goce, sannan ya faro daga ramin da ya huda ya nufo waje.

Bai yi nisa ba ya saki maɓallin ya ɗaga hula. Wurin ya yi baƙi, ga ƙananan ƙofofi a jikin waldar. Baƙin man da ya taɓa tsiyaya daga galan ya daɗe da shiga cikin tsagar, ga kananzir ɗin gwaji, zafi ya tafaso da su. Ni da na gani na ɗauka sai a bi ta kai a rufe. Shi kuwa ko magana bai yi ba, ya ɗauki ɗan bakin nan mai haƙora ya rarake duk abin da ya zuba, ya sa aka ɗumama wurin da wutar gas sama-sama har ya daina fitar da hayaƙi, ya bari ya huce, ya sake bi da asiton da burushi. Wannan ne wurin da na san na faɗo hannun mai sana'a. Waldar da ke da ƙofofi a ciki daga waje za ta iya yin kyau, amma kowace ƙofa mafarin sabuwar tsaga ce, kuma mai kaya ba zai sani ba sai ya yi nisa da shago.

A karo na biyu tafkin ya fito garau. Yana yin kamar tsawon yatsa sai ya tsaya ya bar wurin ya sha iska. Alminiyam yana kwashe zafi ya watsa shi cikin jikinsa fiye da baƙin ƙarfe sau huɗu ko fiye, saboda haka da farko sai ka ga wutar kamar ba ta isa ba, can kuma in duk fallen ya ɗauki zafi sai ta yi yawa. Na lura hannunsa yana ƙara sauri yayin da yake matsowa ƙarshe. Kuma duk inda zai tsaya ba ya yanke wutar farat ɗaya. Sai ya ƙara ɗiga sanda ya cike ɗan kwarin da ke saura, ya riƙe tocin a wurin gas yana ci gaba da fita na 'yan daƙiƙoƙi. Kwarin nan in an bar shi, tsagewa yake yi yana hucewa. Sau ɗaya tsinken ya taɓa tafkin, nan take ya tsaya, ya cire shi, ya gyara bakinsa, ya goge wurin, sannan ya ci gaba. Da ya gama ta waje, ya cire jan ƙarfen, ya goge cikin ya bi shi da layi guda. Waldar kanta, in aka haɗa duka, ba ta kai tsawon lokacin da aka ɗauka ana wankin akwatin ba.

Wani abu ya dame ni a layin, kuma sai na faɗe shi. Yaran dattijon suna da hula, amma a shagunan da na ratso na ga yara ƙanana suna riƙe wa iyayen gidansu aiki da baƙin tabarau na kasuwa, wasu ma kawar da kai kawai suke yi. Hasken argon ya fi yadda ake zato illa, ga alminiyam yana mayar da shi ta ko'ina, yana ƙona fata yana ƙona ido, yaro ya kwana yana hawaye. Ido ba shi da gwanjo. Haka kuma duk mai wannan aiki ya kiyayi goge wurin walda da irin maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin in hasken walda da zafi suka same shi yana rikiɗa ya zama gas mai kisa. Asiton ɗin ma dattijon sai da ya sa aka rufe shi aka kai bayan shago kafin ya kunna inji. Da ya gama kuma ya rubuta "zafi" da alli a jikin akwatin, saboda alminiyam mai ƙuna da mai sanyi kamarsu ɗaya.

Na ce ko za a goge tudun waldar ya yi daidai da jiki don kyan gani. Ya ce a bar shi, kaurin ƙarfi ne. Ya kuma yi mini bayanin abin da ban zata ba: irin wannan falle ƙarfinsa daga matsar da aka yi masa a masana'anta yake, kuma zafin walda yana sassauta shi, saboda haka gefen waldar yanzu ya fi da laushi. Shi ya sa ake gyara a ga wata tsagar ta fito a maƙwabtaka. Sai ya yanko falle mai milimita 3, ya lanƙwasa shi daidai lungun, ya zagaye kusurwoyinsa don kada a sami tsini, ya ɗora ta ciki ya kama shi da gajerun walda nan da can maimakon ya kewaye shi duka, don kada ya ƙara dafa wurin. Ya ba ni shawara a yi wa kafaɗar hagu irin wannan tallafi, tunda wahalar da ta dama ta sha ita ma ta sha. Kuɗin ya ƙaru, gas ɗin argon da sandar duk masu tsada ne, muka yi ciniki ya ɗan rage mini, na ce a yi. Da komai ya huce aka maimaita gwajin alli da kananzir, allin ya tsaya fari.

Wajen mayarwa shi da kansa ya tsaya a kai. Aka yanko roba mai kauri daga tsohon bel ɗin injin aka shimfiɗa a ƙarƙashin kowace kafaɗa. Aka kankare farin garin nan, aka ɗan faɗaɗa ramukan notin yadda akwatin zai sami wurin motsi, aka sa manyan wosha da roba a ƙarƙashinsu don kada ƙarfe ya taɓa alminiyam, aka kawo noti masu roba a ciki waɗanda jijjiga ba ta kwance su. Da yaro ya kama sifana zai tamke, sai ya ce, "Ya isa haka. A bar shi ya yi numfashi." Ya sa aka yanka katako biyu aka tokare ƙasan akwatin da su, nauyin ya daina rataya a kafaɗu kaɗai. Jak da sarƙa kuma ya ce su bar cikinsa. Yanzu a wani akwakun katako suke a ƙasan bodi, kusa da gidan taya. Ya gargaɗe ni cewa sabuwar roba tana lotsawa, don haka in duba notunan bayan mako guda. Na duba na tarar biyu na hagu sun yi sako-sako, na ƙara musu rabin juyi.